Cefanen Damina: A Ci Abin da Lokaci Ya Kawo

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar 'Yankaba ta Kano, ko kasuwar Sabon Gari ta Zariya, ya san irin kukan da ke tashi a layin 'yan gwari da zarar damina ta kankama. Kashin tumatirin da aka riƙa roƙon mutane su saya a watan Fabrairu ya zama abin hange daga nesa, tattasai ya yi ƙaranci, attaruhu kuwa sai a ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Magidanci ya tsaya da kuɗin cefane a hannu yana lissafi, daga ƙarshe ya sayi tumatirin leda ko na gwangwani, ya koma gida yana cewa kayan miya sun gagari talaka. Alhali a bakin wannan layi, galibi a ƙasa bisa shimfiɗaɗɗen buhu, ga wata dattijuwa da ta taso daga ƙauye tun asuba, gabanta tulin rama da zogale da alayyafo da yakuwa da ɗanyar kuɓewa, raɓa ba ta gama bushewa a jikinsu ba. Ya wuce ta bai ko dube ta ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wucewar nan kuskure ne, a ma'aunin aljihu da kuma a ma'aunin kimiyyar halittu. Gidan da ya daidaita cefanensa da abin da ƙasar da ke kewaye da shi ke fitarwa a kowane wata zai sami abinci mai gina jiki fiye da gidan da ya nace wa miya iri ɗaya daga Janairu zuwa Disamba, kuma da kuɗi ƙasa da nasa. Babu lokacin da wannan magana ta fi muhimmanci kamar damina, domin a cikinta ne rumbu ke ƙarewa, kuma a cikinta ne ƙasa ke fitar da ganyayen da suka fi kowane lokaci yawa.

Kalandar da ƙasa ke bi

Littattafan da aka rubuta a Turai suna koya wa ɗalibi yanayi huɗu na can, inda watannin Yuni da Yuli da Agusta suke lokacin zafi da nunar 'ya'yan itatuwa. Ƙasar Hausa tana da nata lissafin: bazara, damina, kaka, da rani mai ɗauke da hunturu a cikinsa. Abin da ke juya wannan lissafi shi ne kokawar iska biyu. Ɗaya busasshiya ce mai tasowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, ɗayar kuma mai laima ce da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Idan iyakar da ke tsakaninsu ta matso arewa ta wuce gari, sai ruwa ya sauka a garin. Shi ya sa Zariya kan riga Katsina samun shuka, kuma take samun kimanin milimita 1,000 na ruwa a shekara, yayin da Sakkwato ke samun kimanin 600 zuwa 700. Kusan duk wannan ruwa yana zuba ne a cikin wata huɗu zuwa biyar, mafi yawansa a marka, wato watan Agusta.

Tsirrai da dabbobin wannan yanki sun tsara rayuwarsu bisa wannan kalanda, kuma duk wanda ya tashi a karkara zai iya karanto ta da ka. A ƙarshen bazara mangwaro ke cika gari, ɗorawa ta ba da garinta mai ruwan ƙwai. Da saukar ruwan farko kaɗanya ke zubar da 'ya'yanta, faru ya nuna, shinge ya fito da dare yara su bi shi da fitila, kuka ta yi sabon toho, tafasa da yaɗiya su tsiro ba wanda ya shuka su. Zuwa watan Yuli rama da lalo da gasaya da alayyafo sun kai tsinka, zogale ya yi luf, zabi sun fara saka ƙwai, shanu sun sami ɗanyar ciyawa nono ya yawaita a ƙwaryar Fulani. Daga Agusta zuwa Satumba kuma sai masara da ɗanyar gyaɗa da gurji da yalo da kuɓewa da kabewa da gwaba, sannan a gasa tumu, alamar cewa kaka ta ƙarato.

To amma wannan lokaci yana da wata fuskar. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, farashin tiya ya hau. A daidai lokacin ne kuma aikin gona ya fi tsanani, sauro ya fi yawa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka fi kama yara. Binciken da likitoci suka shafe shekaru suna yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, wadda yanayinta ya yi kama da na nan, ya nuna cewa manya kan rame a kowace damina, mata masu ciki kuma kan haifi jarirai marasa nauyi a wannan tsakani. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar arewa maso yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Ke nan maganar abin da za a saka a tukunya a watan Yuli ba maganar marmari ba ce.

Dalilin ɓuyar tumatir

Ana yawan ɗora wa dillalai laifin tsadar tumatir a damina. Ko da suna da nasu kason, asalin dalilin yana cikin halittar tsiron. Furen tumatir yana buƙatar sanyin dare kafin ya ƙulla ɗa. Idan zafin rana ya haura kimanin digiri 32 a ma'aunin Salsiyos, na dare kuma ya kasa sauka ƙasa da digiri 21, garin furen da ke yin barbara yakan lalace, furen ya kaɗe ba tare da ya bar komai ba. Wannan shi ne halin da ake ciki a bazara. Idan ruwa ya sauka kuma, laima ta buɗe ƙofa ga fumfuna da ƙwayoyin bakteriya masu ƙona ganye da ruɓar da saiwa. Saboda haka babban noman tumatir a arewa noman rani ne, a wurare irin su Kadawa da Kura da Garun Malam, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974. A can ne sanyin hunturu ke ba shi abin da yake so, shi ya sa yake cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris har ya riƙa ruɓewa a kwanduna.

Shekarar 2016 ta koyar da darasi mai ɗaci game da dogaro da abu guda. A wannan shekara wata ƙaramar tsutsa mai cin cikin ganye, wadda masana ke kira Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Gidajen da ba su san wata miya ba sai jar miya sun shiga tasku. Waɗanda suka riƙe miyar kuka da ta yakuwa da ta kuɓewa kuwa sun ji labarin ne kawai a rediyo.

Ya kamata a tuna cewa magabata sun riga sun warware wannan matsala. Sukan yanka tumatir a lokacin arha su shanya ya zama kauɗa, su busar da kuɓewa da tattasai da kuka, su ajiye don ranar buƙata. Idan damina ta zo kuma sai tukunya ta juya ga ganye. Mai neman ɗanyen tumatir a watan Yuli yana biyan kuɗin jayayya da yanayi ne, ga kuma kuɗin mota a kai, wanda ya ƙara nauyi tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Duk abincin da ya yi doguwar tafiya yana ɗauke da kuɗin man da aka ƙona a kansa.

Ganye bai mutu ba don an tsinke shi

Akwai wata hujja da ta fi ta kuɗi ƙarfi, kuma ɗalibin ajin kimiyyar halittu zai gane ta nan take. Ganye ko ɗan itacen da aka tsinka yana nan da rai. Ƙwayoyin halittarsa suna ci gaba da numfashi, wato suna shaƙar iskar oksijin suna ƙona sukarin da ke cikinsu, suna fitar da ruwa da zafi. Bambancin kawai shi ne an raba shi da saiwar da ke mayar masa da abin da ya rasa, don haka daga lokacin tsinka yana cin jikinsa ne. Ƙa'idar da masana suka tabbatar ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku. Kwandon alayyafon da ya kwana biyu a bayan mota cikin zafi ya tsufa fiye da yadda ido ke gani.

Mai gasa masara a bakin hanya ya san wannan ko da bai shiga aji ba. Masarar da aka karyo da safe ta fi ta jiya zaƙi, domin sukarin da ke cikin ƙwayarta yana juyewa ya zama sitaci a cikin sa'o'i. Abin da harshe ba ya iya ganewa shi ne asarar bitamin C, wanda ya fi sauran sinadarai saurin lalacewa idan ya haɗu da iska da zafi da haske. Ganye mai laushi irin alayyafo yana iya rasa kaso mai yawa na wannan bitamin cikin kwana biyu ko uku idan ba a sanyaya shi ba. Akuya da saniya suna ƙera nasu bitamin C a hanta, amma ɗan Adam ba shi da wannan baiwa, kuma jikinsa ba ya ajiye mai yawa, sai ya samu daga abinci a kai a kai. Rashinsa ne ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa na Turai da ciwon zubar jinin dasashi, har likitan nan James Lind ya gwada ba su lemo a 1747 ya ga sun warke.

A nan ne kwatanci ke da amfani. A giram 100 na tufa, wadda ake shigowa da ita daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu bayan ta yi watanni a ɗakin sanyi, akwai bitamin C kimanin miligiram 5. A giram 100 na lemon zaƙi akwai kimanin 50. A giram 100 na gwaba kuwa akwai fiye da 200. Babban mutum yana buƙatar kimanin miligiram 45 a rana bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan gwaba guda da yaro ya tsinka a bishiyar makaranta ta biya masa buƙatar yini har da rara, abin da tufa mai tsada ba za ta yi ba. Duk da haka idan za a je dubiya asibiti, tufar ake saya, domin ita ake ganin ta fi daraja.

Abin da ke cikin kwanon kwaɗo

Tuwon dawa ko na gero yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya isar jiki. Abin da ya rasa yana cikin ganyen damina. Launin kore mai duhu yana ɓoye wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ake kira karotin, irin wanda ke bayyana a fili a jikin mangwaro da kabewa da manja. Jiki yana juya shi ya zama bitamin A, wanda ido ke buƙata don gani a duhu, fata da hanji da huhu kuma suke buƙata don tare cuta. Alamar farko ta rashinsa ita ce dundumi, kuma samuwar wannan kalma a Hausa shaida ce cewa ciwon tsohon sani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa kowace shekara a duniya saboda rashin wannan bitamin, rabinsu kuma kan mutu cikin shekara guda da makancewar. Wani abin sha'awa shi ne hanta tana iya ajiye bitamin A na watanni. Yaron da ya sha mangwaro a bazara ya ci ganye a damina ya yi wa kansa guzurin rani.

Ɗanyen ganyen zogale yana ɗauke da furotin kimanin giram 9 a cikin kowane giram 100, adadin da ba kasafai ake samu a ganye ba, ga sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi. Rama da alayyafo da lalo da ɗanyen ganyen kuka su ma suna da rabonsu, musamman na sinadarin folet da mai ciki ke buƙata tun watannin farko.

Idan aka dubi yadda ake haɗa kwaɗo da idon kimiyya, sai a ga hikima a kowane mataki. Karotin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai, don haka hanji ba ya tsotsarsa da kyau idan babu maiƙo a abincin. Ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗar da ake zubawa sun biya wannan buƙata, sun kuma ƙara furotin. Sinadarin ƙarfen da ke cikin tsirrai yana da wuyar shiga jini, amma bitamin C yana sauƙaƙa shigarsa, kuma ga shi a ɗanyar albasa da tattasai da ɗan lemon tsamin da ake matsawa. Haka abin yake a miyar taushe, inda kabewa da ganye da gyaɗa suka haɗu, da dambun zogale, da faten da aka cika wa yakuwa. Idan aka ƙara dafaffen ƙwan zabo guda ga ƙaramin yaro, ko kofin nono, an kammala masa abincin da babu wani gwangwani a kanti da zai fi shi. Sai dai a lura, shan shayi a kan abinci yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe, gara a jinkirta shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. A rani wannan nauyi ne a kan talaka. A damina kuwa yana cikin ikon kusan kowane gida, in dai an yarda a sunkuya a sayi abin da ke kan buhun dattijuwar nan.

Inda ake yin ɓarna

Kusanci kaɗai ba ya tabbatar da lafiyar abinci, kuma rashin faɗin haka zai zama yaudara. Ɓarna ta farko a madafa take. Ana jefa kanwa a ganye don ya yi laushi da wuri ya kuma riƙe korensa, amma kanwa kishiyar tsami ce, kuma tana rusa bitamin C da bitamin B1. Haka nan dogon dahuwa a ruwa mai yawa, sannan a tsiyaye ruwan a zubar, yana tafiya da bitamin masu narkewa a ruwa. Abin da ya dace shi ne a wanke ganye kafin a yanka, a saka shi a ƙarshen girki, a rufe tukunya, a sauke da zarar ya yi laushi. Ganyaye masu ɗaci ko tsami irin tafasa da rama suna buƙatar tafasawa da tsiyayewa, to a taƙaita lokacin gwargwadon iko. Wajen shanya ganye don rani kuma, inuwa mai iska ta fi tsakiyar rana, domin hasken rana yana cinye karotin.

Ɓarna ta biyu ita ce ƙazanta. Ruwan sama yana kwaso najasa ya zuba a rijiyoyi da lambuna, shi ya sa cutar amai da gudawa ta fi ɓarkewa a damina. A 2021 Nijeriya ta sami fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a jihohin arewa. Duk abin da za a ci ɗanye, kamar gurji da yalo da gwaba, wajibi ne a wanke shi da ruwa mai tsabta, mai haɗa kwaɗo kuma ta wanke hannu da sabulu. Akwai kuma lambunan cikin birni da ake shayarwa da ruwan kwata mai haɗe da dattin masana'antu, wanda kan ɗauki gubar dalma da makamantanta, kuma wanki ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta tsotsa. Amfanin saye a kusa shi ne mai saye yana iya tambayar daga ina aka tsinko, ya kuma gane amsar.

Ta uku ita ce fumfuna. Gyaɗa da masarar da aka tara da laima suna kama wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga sankara. An gano ta ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Ɗanyar gyaɗa a dafa ta a ci a ranar, wadda za a ajiye a busar da ita sarai, ƙwayar da ta canza launi ko ta yi ɗaci kuma a zubar, kada a ba kaji.

Ta huɗu ta shafi gaggawa. 'Ya'yan itatuwa irin mangwaro da ayaba suna nuna ne da umarnin wata iska da suke fitarwa da kansu mai suna etilin. Wasu 'yan kasuwa kan tsinko su ɗanyu su turara su da kabayid, sinadarin da masu walda ke amfani da shi, domin iskar da yake fitarwa tana kwaikwayon etilin. Fatar takan yi ja amma cikin babu zaƙi, ga ragowar sinadarai masu guba, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Wanda ya jira lokacin abu ya rage wa kansa wannan haɗari, domin ba a wahalar nunar da abin da ke zubowa da kansa.

Hujjojin masu suka

Wani zai ce ganye ba ya cika ciki. Gaskiya ne. Ganye ba ya maye gurbin hatsi, kuma gidan da babu tsaba a cikinsa yana buƙatar tsaba kafin komai. Amma kuɗin da aka rage daga tumatir da kayan gwangwani shi ne zai ƙara awo, ganyen kuma ya cike abin da awon ya rasa.

Wani kuma zai ce wannan kira ne na ƙin ciniki da rufe ƙofa. Ba haka ba ne. Ƙasar Hausa ta ginu a kan fatauci, kuma akwai abin da dole ya zo daga nesa: manja daga kudu, wanda ya cika da karotin, gishiri mai aidin da ke hana maƙoƙo, doya da lemo daga Binuwai. Su kansu masara da gyaɗa da tumatir daga nahiyar Amurka suka samo asali, mangwaro da zogale kuma daga yankin Indiya, sun zauna sun zama 'yan gida. Ma'aunin shi ne abin da ke saurin lalacewa a neme shi kusa kuma a lokacinsa, abin da ke jure ajiya kuwa ya zo daga inda ya fi kyau.

Suka ta uku ba a cika furta ta ba, amma ita ta fi tasiri, wato kunya. Tun daga farin 1973 da na 1984, lokacin da mutane da yawa suka rayu a kan tafasa da yaɗiya, waɗannan ganyaye suka ɗauki sunan abincin yunwa. Ɗan boko ya koma birni ya ga cewa ci gaba shi ne burodi da taliyar leda, waɗanda ake yi da alkamar da Nijeriya ke shigo da mafi yawanta daga waje, kuma farashinta ya tashi a 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukiren. Abin da ya ceci rai a ranar tsanani ya cancanci girmamawa a ranar wadata. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Aikin da ke gaban makaranta

Malamin kimiyya yana da ɗakin gwaji kyauta a damina. Ɗalibai za su iya zana kalandar abincin garinsu a bangon aji, su riƙa ziyartar kasuwa kowane mako suna rubuta abin da ya shigo, da inda ya fito, da farashinsa, a ƙarshen zango su zana jadawalin hawa da saukar kowane ɗaya. Za su iya tattara ganyayen da ake ci, su matse su a takarda, su rubuta sunan Hausa da na kimiyya, bayan sun tambayi kakanninsu yadda ake sarrafa kowanne da wanda ba a ci. Irin wannan aiki ne likita J. M. Dalziel ya yi har ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma abin takaici ne a ce jikokin waɗanda suka gaya masa sunayen ba su iya bambanta lalo da gasaya.

Akwai gwaji mai sauƙi na bitamin C. A dama ɗan sitaci a ruwan zafi, a bari ya huce, a ɗiga aidin har ruwan ya koma shuɗi mai duhu. Sai a riƙa ɗiga ruwan ɗan itace ana ƙirgawa har launin ya ɓace. Gwargwadon ƙarancin ɗigon da aka buƙata, gwargwadon yawan bitamin ɗin. A gwada gwaba da lemo da tufa, sannan a gwada ruwan da aka matse yanzu da wanda ya kwana a buɗe, da wanda aka tafasa. Ɗalibin da ya ga sakamakon da idonsa ba ya buƙatar wa'azi.

Haka kuma za a iya gwada randar sanyi, wato ƙaramar tukunya a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, dabarar da malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana sanyaya kaya ne ta hanyar ƙafewar ruwa, don haka ta fi aiki a busasshiyar iskar bazara fiye da laimar marka. Auna wannan bambanci da ma'aunin zafi darasi ne cikakke.

Makarantun kwana kuwa suna da alhaki na musamman. Layi biyu na zogale a jikin katanga da 'yan kunyoyin rama da alayyafo da kabewa za su canza abin da ke shiga kwanon ɗaruruwan yara, maimakon miya tsararo da ake ba su. Ya dace kuma kowane aji ya dasa ɗorawa ko kaɗanya ko kuka, domin masu gawayi suna sare su da sauri, alhali kaɗanya kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya.

Kammalawa

Ba a banza ake kiran damina uwar albarka ba. A watannin da hatsi ya yi ƙaranci, jiki ya fi gajiya, cuta ta fi yawa, a nan ne ƙasa ke fitar da ganye da ƙwai da nono da 'ya'yan itatuwan da ke ɗauke da abin da jiki ke nema. Abin da ake buƙata daga mai cefane kaɗan ne: ya tambayi abin da ya shigo kasuwa a wannan mako kafin ya yanke shawarar miyar da za a yi, ya saya da safe, ya sayi na yini ɗaya ko biyu, a wanke da kyau, a dafa a taƙaice, a shanya rarar don rani. Kuɗin da ya miƙa wa dattijuwar bakin layi zai koma ƙauyen da ke ciyar da birninsa, ita kuma ta sami dalilin sake shuka rama baɗi. Ɗalibin da ya karanta wannan yana iya farawa daga cefanen gidansu na gobe, ya roƙi a ba shi kwandon.